Gwanjo ko galari? Amsa ga ɗan uwanmu mai walda

Ɗan uwa na ga tambayarka tun jiya, ka ce kai ne kake haɗa siffofi da ƙarfe ta hanyar walda, kana da guda shida a ajiye, kuma kana so ka san wanne ya fi, ka kai gidan gwanjo ko ka ba galari, wato gidan baje kolin ayyukan fasaha da sayar da su, su sayar maka. To bari in jera maka su kusa da juna ka gani da kanka, amma tun yanzu in faɗa maka inda na karkata: in sunanka bai riga ya shiga kasuwa ba, kada ka fara da gwanjo.

Mu fara da la'ada tunda ita ce ke ruɗar mutane. Galari in kai ne mai aikin yawanci rabi suke ɗauka, an sayar 100 ka tashi da 50, wannan ne yake sa mutum ya ji gwanjo ya fi tunda can kamar kashi 10 suke cire wa mai kaya, wani lokacin ma a yi ciniki a rage. Amma kada ka manta shi ma mai saye akwai tasa la'adar, a manyan gidaje irin Sotheby's da Christie's tana kai kashi 25 ko sama da haka a kan ƙananan kaya, wato in mai gwanjo ya buga guduma ya sallama a kan 100 shi zai biya kusan 125, kai ka karɓi 90, kuma ai ya san da wannan lissafin tun kafin ya ɗaga hannu shi ya sa yake rage tayinsa. Daga cikin 90 ɗin nan kuma za a iya cire kuɗin hoto na kundin gwanjo da inshora da dako, kuma dakon ƙarfe ba irin na zane ba ne da za ka rungumo a hammata, wani sai an yi masa akwatin katako, wani sai da injin ɗaga kaya. Duk da haka a takarda gwanjo ya fi barin maka kuɗi, ban musa ba.

Inda suka rabu da gaske shi ne ranar da kaya bai sayu ba. A galari in aikinka ya yi wata shida ba wanda ya taya, ba wanda ya sani sai kai da su, a canza masa wuri ko a kira wani mai saye a asirce a yi masa ragi. A gwanjo kuwa komai a bainar jama'a ne. Za su sa ƙiyasi na ƙasa da na sama, sannan ku yi yarjejeniya a kan kuɗin da ba za a sallama ƙasa da shi ba, wanda bisa al'adarsu ba ya wuce ƙiyasin ƙasa, to in tayi bai kai nan ba kaya ya yi kwantai, kuma sakamakon yana shiga rumbunan farashi irin na Artnet ya zauna, duk mai son sayen aikinka nan gaba zai duba ya gani. 'Yan kasuwar ma cewa suke kayan ya ƙone. Ba wannan guda ɗayan kaɗai abin yake taɓawa ba, har sauran biyar ɗin da ke ajiye, wallahi wannan ne ya fi damuna da lamarinka.

Na san abin da ke jan mutane, labarin David Smith ne, shahararren mai haɗa siffofi da walda na Amurka, wanda aikinsa Cubi XXVIII na ƙarfen da ba ya tsatsa aka sayar dala miliyan 23.8 a Sotheby's ta New York a 2005. Amma duba yadda abin yake, mutumin ya rasu tun 1965 a haɗarin mota, jerin Cubi ɗin guda 28 ne kacal ba za a ƙara ba, kuma da yawansu suna gidajen tarihi ba za su fito kasuwa ba, ka ga masu kuɗi suna kokawa ne a kan abin da ya yi ƙaranci. Gwanjo ba ya gina suna, auna sunan da aka riga aka gina yake yi, kuma sai an samu aƙalla mutum biyu da kowanne ya ƙi haƙura sannan farashi yake tashi. Ginin sunan kuwa aikin galari ne, su za su yi maka baje koli, su kawo masu rubuta sharhi kan fasaha, su shigar da aikinka hannun masu tara ayyukan fasaha da aka sani, rabin da suke ci kenan.

Akwai kuma abin da ya shafi walda ita kanta. Zubin tagulla ana iya fitar da kwafi shida ko takwas daga abu ɗaya, in ɗaya ya sayu an samu ma'aunin sauran, amma aikin walda ɗaya ne tilo, mai ƙiyasi a gidan gwanjo ba shi da abin kwatantawa sai ya sa kuɗi ƙasa don ya jawo masu tayi. A galari ana tsayawa da mai saye a zagaya aikin, ya ga ɗinkin waldar, ya ga yadda haske ke sauka a kai, hoto ɗaya a kundi ba ya nuna wannan.

Wajen sauri dai gwanjo ya yi gaba, akwai rana tsayayya, kuma in mai saye ya biya kuɗinka na zuwa bayan kamar kwana 35. Galari ba ranar da za su yi maka alkawari.

Da a ce gado ka ci ko ka sayi aikin wani sanannen mai haɗa siffofi da ƙarfe irin Anthony Caro ko Sokari Douglas Camp, da amsata ta juya, gwanjo zan ce maka, kuma da na roƙe ka kada ka kankare tsatsa ko ka sake fenti kafin masana su gani, don ko ayyukan Smith ɗin da aka cire wa fenti bayan rasuwarsa sai da abin ya zama babbar rigima a 1974. Amma kai naka ne, to ka buga sunanka da shekara a jikin kowanne, ka ɗauki hoto ta kowane ɓangare, ka rubuta tsawo da nauyi da irin ƙarfen da ko zai iya zama a waje, sannan ka nemi galari da ta saba sayar da ƙarfe ka fara ba su guda biyu, da yarjejeniya a rubuce wadda ta faɗi wa zai biya dako da kuma ranar da za ka iya karɓo kayanka in ba su sayu ba.