Kayan kwalliyar mugaye na Halloween, ɗan kwalin nan mai araha: ra'ayina

Idan fatarki baƙa ce ko wankan tarwaɗa kamar tawa, to rabin kalolin da ke cikin kwalin nan ba don ke aka yi su ba, gara in faɗa tun da wuri kafin wata ta je ta zubar da kuɗinta. Sauran rabin kuma gsky sun ci kuɗinsu har da riba.

Ni dai sana'ata kwalliyar amare da lalle a nan Amurka, ba na bikin Halloween, gidana ko kabewa ɗaya ba a ajiyewa a bakin ƙofa kamar yadda masu bikin ke yi, amma duk ƙarshen Oktoba sai maƙwabta da abokan aiki sun dame ni da waya wai a zana musu fuska, wannan tana son ta zama mayya waccan muguwar sarauniya, wani kuma mai shan jini. Ranar 31 ga wata ake yi, yara su bi gida gida suna karɓar alewa manya kuma su tafi fati. Kayan aikina na amare tsada gare su ba zan ɓata su a fuskar mayya ba, shi yasa na ɗauko wannan a wani kanti, bai kai dala 15 ba.

Abun da ke ciki: fenti kala shida a ɗan faranti na roba (baƙi, fari, ja, kore, shuɗi mai duhu da ruwan goro), janbaki baƙi, jagira, gashin ido na liƙawa da gam ɗinsa, ɗan bututun jinin ƙarya, ƙyalƙyali, soso da burushi guda. A bayan kwalin an zana fuskoki huɗu da yadda ake yin kowacce, kuma duk huɗun fuskar farar fata ce, daga nan ma ya kamata mutum ya gane inda aka dosa.

Fentin irin mai maiƙo ne, ba irin wanda ake jiƙa burushi da ruwa a goga ba. Bambancin yana da yawa fa. Mai ruwa yana bushewa da kansa cikin ɗan lokaci amma gumi ko yayyafi na wanke shi, mai maiƙo kuwa ba ya bushewa ko da za ki kwana kina jira, sai an danne shi da hoda, kuma babu hoda a kwalin, ko a rubutun bayan ba su ambata ba. Duk wadda ba ta san wannan ba za ta shafa ta fita, kafin ta isa wajen fatin ya bi wuyan riga da kujerar mota da wayarta.

Na gwada koren a kan wata yarinyar maƙwabciyata 'yar Ghana, baƙa ce sosai kyakkyawa, tana son fuskar mayya. Wlh ina shafawa yana ɓacewa, abun da ya fito wani furu-furu ne kamar wadda ta fito cikin hunturu ba ta shafa mai ba, ta kalli madubi tace Anti wannan ai ba mayya bace, mara lafiya ce. Na goge, na fara shimfiɗa farin siriri da soso ina dannawa ba gogawa ba, na bi da hoda mara kala, sannan na ɗora koren a kai, nan ne fa ya tashi raɗau har uwarta ta ja da baya da ta shigo. To amma kun ga matsalar, farin shi ne zai ƙare da wuri tunda shi ke ɗaukar nauyin sauran, kuma girmansa ɗaya da sauran kalolin, fuska biyu ko uku kin ga ƙasan faranti. Shuɗin ma haka yake, in ba a sa fari a ƙasa ba, ba ya fitowa. Ruwan goron kuwa har yanzu ban ga amfaninsa ba.

Baƙin kam ba magana, yana kama fata sosai, da shi na yi ramin ido da kumatu da tsagar baki. Jan ma yana fitowa a kan kowace irin fata, sai dai yana barin tabo, washegari yarinyar ta tafi makaranta da ɗan ja ja a gefen baki duk da wankin da aka yi. Janbakin baƙi ya fi komai burge ni, na zata zai farfashe a leɓe amma ya zauna lafiya har aka ci abinci, inaga shi kaɗai ma ya kusa biyan kuɗin kwalin. Jagirar tauri gare ta, sai kin ɗan murza bakinta a bayan hannu ta yi laushi. Burushin a jefar kawai, gashinsa zuba yake yana manne wa fenti. Gam ɗin gashin idon ban yarda da shi ba, yana da warin roba, kuma akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar latex, wato ruwan roba, ko kaɗan, sai na sa nawa. Jinin ƙaryar yana da kyau a hoto amma danƙo gare shi kuma idan ya taɓa farar riga sai haƙuri.

Maganar lafiya kuma ba ta wasa bace musamman ga yara. A 2009 wata ƙungiya mai suna Campaign for Safe Cosmetics ta gwada fentin fuska na yara guda 10, duka goman an samu dalma a ciki. Ban ce wannan kwalin yana da ita ba, amma tun daga nan ba na sayen wanda ba a jera abubuwan da aka haɗa shi da su a jiki ba, wannan dai an jera. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna tana ba da shawarar a ɗan shafa a hannu kwana biyu kafin ranar a gani ko zai yi ƙaiƙayi ko ƙuraje, kuma ba kowace kala aka yarda a kai kusa da ido ba, musamman masu walƙiyar nan da ke haskawa. Abun mamaki ma, hukumar tana da gargaɗi a kan kwallinmu na gida, har da sunan kwalli da tozali ta rubuta, saboda dalma, ba a yarda a shigo da shi ƙasar ba. Don haka masu cewa bari in ƙara da kwallin Hajiya a idon yaro ya fi baƙi, a yi hattara.

Wajen cirewa kar ki fara da sabulu da ruwa, yaɗa shi kawai za ki yi ki jigata fatar. Man kwakwa ko basilin za ki shafa ki bar shi ya narkar da fentin, ki goge da auduga, sannan ki wanke da sabulu mara ƙarfi. Ƙyalƙyalin ne dai ba ya jin magana, har yau ina tsintarsa a kafet.

Zan ba shi uku cikin biyar. Wadda za ta yi fuska ɗaya na dare ɗaya ya ishe ta, in dai ta haɗa da hoda mara kala da burushinta da ƙarin farin fenti daban in fatarta mai duhu ce. Mai sana'a irina kuwa gara ta ƙara kuɗi ta sayi mai ruwa, ya fi sauri idan yara sun yi layi. Kuma ranar 1 ga Nuwamba kantuna ke karya farashin kayan Halloween, sau da yawa har rabi, sai dai a duba ranar lalacewa a jikin kwalin kafin a ajiye wa baɗi.