Mai fentin da ya fara da ƙwanƙwasa bango

Duk wanda ke son a gama masa fenti cikin gaggawa, kada ya kira wannan bawan Allah. Ni dai zan sake kiransa, ko da yake ina da ƙorafi a kansa.

Bangon ɗakin kwanana da ke jingine da banɗaki ne ya hana ni sakat. Fentin ya riƙa kumbura daga ƙasa yana fashewa, ga wani farin gari a ƙarƙashinsa. An taɓa kankarewa an sake shafawa, abin ya dawo. Da mutumin nan ya zo ko gwangwanin fenti bai buɗe ba. Ƙwanƙwasa bangon ya yi ta yi yana sauraron inda filasta ta saki bulo, sannan ya manna leda da salatif ya ce a bar ta ta kwana. Washegari sai ga laima a bayan ledar. Farin garin nan, in ji shi, gishiri ne da ruwa ke kwasowa daga cikin siminti. Ruwan ya bushe, gishirin ya tsaya, shi ne ke tunkuɗo fenti. Ya ce in nemo mai famfo tukuna. Aka fasa wurin, ashe bututu ne ke yoyo a cikin bango.

Bayan an yi sabuwar filasta ya ƙi taɓa ta sai ta yi kamar kwana 28, domin ɗanyen siminti na cinye fenti, musamman fentin mai. Na yi gunaguni, bai ko kula ni ba.

Ƙofofin katako kuwa, fentinsu yana ɗagowa ne kamar fatar albasa. Ya jiƙa auduga da sipirit ya goga, launin ya biyo audugar, alamar fentin ruwa ne aka ɗora kan tsohon fentin mai mai sheƙi ba tare da an goge shi ba. Ya kankare, ya bi da samfefa har sheƙin ya mutu, ya sa fentin shimfiɗa kafin na sama. Fumfunar saman banɗaki ya wanke ta da ruwan bilic, ya ce a riƙa buɗe taga.

Ga inda ya gaza. Ba ya kiyaye lokaci, in ya ce da safe to ka sa rai da hantsi. Ƙurar samfefa ta shiga har cikin tufafi saboda bai rufe kaya yadda ya kamata ba, ni na yi sharar. Ga shi miskili, bayanin da na kawo a sama duk sai da na yi ta tambaya.

Damina ta zo ta wuce, bangon bai sake kumbura ba. Idan za ka ɗauke shi, ka fitar da kayanka daga ɗakin da kanka, kuma ku yi magana kan shara tun kafin ya fara.