Kai saƙo a babur ko sayar da abinci: wanne ya fi wa ma'aikaci a Malesiya?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya a kan abokin karatunka ɗan Malesiya da ke aikin ofis a Kuala Lumpur, wanda albashi ba ya kai shi ƙarshen wata. Ka ce yana da babur, matarsa kuma ta iya girki, ya rasa wanda zai kama: ya riƙa kai saƙon abinci da Grab ko foodpanda bayan an tashi daga aiki, ko su fara sayar da abincin hannunsu. Ka kuma tambaya ko kai da kake can da takardar ɗalibi za ka iya sa hannu. A ganina girkin ya fi masa, amma ba a kowane hali ba, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Halin da yake ciki ba nasa ba ne shi kaɗai. Mafi ƙarancin albashi a Malesiya ya koma ringgit 1,700 a Fabrairun 2025, daga 1,500 da aka sa a 2022. Wanda ke biyan haya a Kuala Lumpur ko Petaling Jaya, ga bashin abin hawa, ga yara, ko albashinsa ya ɗara wannan adadi sai ya haɗa da wata sana'a.

Babur ba shi da wahalar shiga. Lasisin tuƙin babur, wayar hannu, jakar sa abinci, sai rajista a manhaja. Jarin da ma yana hannunsa, kuma kuɗin ba ya jiran ƙarshen wata. Man fetur ma bai kai na yawancin ƙasashe maƙwabta tsada ba, don a ƙarshen Satumbar 2025 gwamnati ta sa litar RON95 a kan ringgit 1.99 ga 'yan ƙasa. In dai kuɗin haya ne ya taso masa nan da mako biyu, babu sana'ar halal da za ta rufa masa asiri da sauri kamar wannan, kuma ba zan ce masa kada ya yi ba.

Sai dai ya san abin da yake sayarwa: lokacinsa ne da lafiyarsa. Oda ta fi yawa da tsakar rana da kuma bayan magariba, shi kuwa tsakar rana yana ofis, saura dare da Asabar da Lahadi. Ta kuma fi yawa in ana ruwa, lokacin da kowa ya ƙi fita. Wanda ya zauna Kuala Lumpur ya san ruwan la'asar ɗin nan da ke saukowa kamar da bakin ƙwarya. Za ka ga masu kai saƙo sun cunkusu a ƙarƙashin gada, kowa da jakarsa kore ko ruwan hoda, ido a kan waya, wani ya haƙura ya sa rigar ruwa ya faɗa titi saboda abincin mutane na hucewa. Fiye da rabin waɗanda ke mutuwa a hatsarin hanya a ƙasar masu babur ne. Mutumin da ya yi awa takwas a ofis sannan ya hau babur cikin dare a kan jiƙaƙƙen titi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne ya fi damuna a cikin lamarin duka.

Ga kuma farashi, wanda ba shi ke yankewa ba. Kamfani ke faɗin nawa ne kuɗin kowace tafiya, ya kuma sauya tsarin lokacin da ya ga dama. Saboda haka ne masu kai abinci suka yi yajin aiki na yini guda a Agustan 2022. A 2025 majalisar dokokin ƙasar ta amince da dokar kare masu irin wannan aiki, ci gaba ne, amma ba ta mai da su ma'aikata masu albashi ba. In zai hau, kada ya fita ko sau ɗaya ba tare da yana cikin tsarin PERKESO (hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasar) na masu aikin kansu ba, wanda dokar 2017 ta kafa, domin shi ke ɗaukar jinya da diyya in an yi hatsari a bakin aiki.

Kada kuma ya ce zai ci bashin mota don ɗaukar fasinja. Tun Oktoban 2019 sai da lasisin PSV na masu ɗaukar fasinja da izinin mota da inshora ta musamman, motar da ta wuce shekara uku sai an kai ta cibiyar duba motoci ta Puspakom dubawa duk shekara, kamfani kuma na iya cire har kashi 20 cikin 100. Ga mai neman ƙari da yamma kawai, lissafin da wuya ya fita.

Girki kuwa a hankali yake tashi. Ɗauki nasi lemak, abin karin kumallon da kowa ke ci a can: shinkafa da aka dafa da madarar kwakwa, yajin sambal, ƙananan busassun kifi, soyayyar gyaɗa, ƙwai da kokwamba, a naɗe a ganyen ayaba ko takarda. Kayan haɗin ba su da tsada, tukunya da murhu suna gida. Abokinka kuma yana da abin da mai rumfar bakin titi ke nema ido rufe, wato masu saye da ya riga ya sani. Abokan aikinsa duk safiya sai sun karya. In ya karɓi oda ta WhatsApp tun dare, aka tura masa kuɗi ta DuitNow, aka dafa daidai adadin, ya ɗora a baburin da da ma zai hau zuwa ofis, to ba haya, ba kwantai, ba kamfanin da zai yanki rabonsa. Wannan maganar kwantai ba wasa ba ce, domin abincin da aka yi da madarar kwakwa ba ya jure zafin ƙasar, abin da ya wuce azahar bai sayu ba asara ce. Shi ya sa ban ba da shawarar a fara da tebur a bakin hanya ba, haka ma sa abincin a manhajojin kai saƙo tun farko, don kason da suke cira zai cinye ribar ƙaramin mai sayarwa.

Akwai takardu, amma ba masu tsada ba. Dokar tsaftar abinci ta 2009 ta wajabta wa mai sarrafa abincin sayarwa allurar taifot da ɗan gajeren kwas na tsafta. Rajistar sana'a a hukumar SSM ringgit 30 ce a shekara da sunan mutum, 60 da sunan kasuwanci. In za a kafa rumfa sai da izinin ƙaramar hukuma, a Kuala Lumpur DBKL ke nan.

Kakar wannan sana'a ita ce azumi. Kasuwannin buɗa-baki da suke kira bazar Ramadan suna cika maƙil tun la'asar, amma samun wuri sai an nema da wuri, kuma an sha kokawa da 'yan tsakiya da ke karɓar rumfa da arha su ba da haya da tsada. Wanda ya fi dacewa da mai aikin ofis shi ne kuih raya, kayan ƙwalam na sallah irin su tat ɗin abarba, da ake zubawa a robobi masu jan murfi. Ba sa lalacewa da wuri, ana yin su da dare ko ƙarshen mako, ana karɓar oda da kuɗin kafin alƙalami makonni kafin sallah. Wadda ta ji daɗin na bana, baɗi da kanta za ta nemo ka, har ta zo da 'yar'uwarta. A nan ne bambancin yake a wurina. Wanda ka kai wa abinci a babur na kamfani ne, gobe ko sunanka ba zai tuna ba, ranar da ka kwanta ciwo kuma kuɗi ya tsaya. Wanda ya saba da sambal ɗin gidanku naku ne.

Amma ka gaya masa wata gaskiya. Aikin babur a jikinsa yake, na girki kuwa mafi yawansa a jikin matarsa zai sauka. Ita za ta tashi tun kafin asuba, ita za ta tsaya gaban wuta. In ba da son ranta ba ne, in kuma ba a yanke mata rabonta a fili tun farko ba, sana'ar ba za ta yi nisa ba, kuma za ta bar ɓacin rai a gida. In ta ce ba ta iyawa, to magana ta ƙare, ya hau babur Asabar da Lahadi da rana, ya bar na dare.

Kowanne ya zaɓa, ya duba takardar ɗaukarsa aiki tukuna. In ma'aikacin gwamnati ne, sai da rubutaccen izinin shugaban sashensa. Kuɗin da ya samu a gefe ana bayyana shi ga hukumar haraji ta LHDN. Ya kuma riƙa jefa wani abu a asusun fansho na KWSP.

Game da kai kuwa, duka biyun ba naka ba ne. Rajistar SSM ta mutum ɗaya ta 'yan ƙasa ce da masu izinin zaman dindindin, takardar ɗalibi kuma ba ta ba ka damar kai saƙo ko kasuwanci ba. Abin da aka yarda wa ɗalibin waje shi ne aikin da bai wuce awa 20 a mako ba, lokacin hutun zango ko hutun da ya haura kwana bakwai, a gidan abinci, gidan mai, ƙaramin kanti ko otal, shi ma sai hukumar shige da fice ta amince. Kada ka karɓi aron asusun kai saƙo na wani, kada kuma ka ba kowa asusun bankinka a riƙa wuce da kuɗi ta ciki, ko nawa aka ce za a ba ka. A kan haka ana rasa biza da karatun gaba ɗaya. In kana son aikin hutun, ofishin ɗaliban waje na jami'arku ne ke shigar da takardar neman izinin, can za ka fara.