Gargaɗi ga masu neman majigi a Sakkwato: kada a ce muku laifin bangonku ne

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, amma da na ji an sake yi wa wani mai gidan kallon ƙwallo a wajen Runjin Sambo irin abin da aka yi mini, sai na ga shirun ya isa haka. Akwai wasu mutane da ke yawo da majigi a but ɗin mota cikin garin nan, suna tallarsa a sitatus na WhatsApp da Facebook. Kayan jabu ne, kuma hanyar da suke bi su ci kuɗin mutum ba ta tsaya ga ciniki ba. Bayan ka biya ne ma ake fara tatsarka, da sunan wai ba ka iya saita abin ba.

Ni saboda Inna na nemi majigi. Idanunta sun yi rauni, talabijin ɗinmu kuwa ƙarama ce, sai ta jawo tabarma har gindinta kafin ta gane fuskar malamin da ke tafsiri. Tana yawan ba mu labarin majigin da motar gwamnati kan kawo fili suna yara, a kafa farin ƙyalle bayan isha'i, gari ya taru. Na ce kafin azumi in kawo mata irinsa cikin falo, yara su ma su samu na darasi.

Tallar da na gani bidiyo ne na wani falo mai duhu, hoto ya cika bango tas kamar a sinima. An rubuta lumen 12,000, wato ƙarfin haskensa, an rubuta 4K, wato kaifin hotonsa. Da na kira, mutumin ya yi magana cikin ladabi, Malam sama Malam ƙasa. Ya ce ragowar kwangila ce da suka yi wa wani ɗakin taro, guda uku suka rage, gobe da asuba zai bar gari, gara ya karyar da su da ya koma da kaya. Ya nuna mini takardar farashi da aka manna a kwalin, kuɗi mai yawa, ya ce shi naira 185,000 kawai zai karɓa. Na ce mu haɗu da hantsi, ya ce yana wurin aiki, sai bayan isha'i.

Ku riƙe wannan, domin duk dabarar a nan take. Mun haɗu a wani lungu kusa da titin Sarki Yahaya, lokacin babu wuta a layin. Ya ɗora majigin a kan murfin but, ya jona shi da ƙaramar inbata, ya haska shi a ƙofar wani shago da ba ta fi taku ɗaya da rabi daga motar ba. Hoton bai wuce girman faifai biyu ba, kuma katun na yara ya saka, mai launi ja da ɗorawa. Wallahi ya yi kyau. Minti biyar ba a yi ba ya kashe, wai batir zai mutu. Na tura kuɗin, ya ga alat, muka yi musabaha.

A gida na ja shi baya mita uku don hoton ya cika bango. Abin da ya fito kamar ana kallo ta cikin hazon hunturu. Idan na murza zoben gaba tsakiya ta fito, sai gefe huɗu su dusashe. Idan gefe ya fito, tsakiya ta ɓace. Rubutun da ke gudana a ƙasan labarai ba ya karantuwa. Da rana kuwa ko da an saki labule, inuwa-inuwa kawai ake gani. Inna ta zauna ta ƙura wa bangon ido, can ta ce, "Ɗana, ko dai idanun nawa na sunka ƙara lalacewa?" Wannan maganar ta fi kuɗin yi mini ciwo.

Na kira shi, ya ɗauka nan take, bai ɓoye ba. Ya ce, "Haba Malam, ai saiti ne. Bari in turo maka yarona." Yaron ya zo da tef na awo da jakar kaya, ya auna nan ya auna can, ya sa littattafai a ƙarƙashin majigin, ya karɓi naira 10,000 kuɗin saiti. Ya ce matsalar bangon ce, fentinmu na shanye haske, dole sai da allo na musamman, kuma suna da shi. Na sayi allon 35,000. Da aka warware, farin yadi ne mai santsi da aka yi wa baƙin baki. Hoto bai canja ba. Sai aka ce ai sai an rataye shi a silin, ƙarfen ratayewa kuma kuɗinsa daban. A nan na ce a dawo mini da kuɗina. Washegari lambar ta daina shiga.

Na ɗauki abin na kai wa wani dattijo mai gyaran talabijin a Babbar Kasuwa, wanda mahaifinmu ma shi yake kai wa rediyo. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya jinjina, ya dube ni ya ce, "Malam, wa yas saishe ka wanga?" Ya kwance ƙusoshi huɗu ya buɗe a gabana. Ciki kusan fayau: ɗan gilashin hoto guda ɗaya kamar fuskar tsohuwar waya, fitilar LED a bayansa, madubi, ƙaramar fanka, sai wani guntun ƙarfe da aka liƙa da gam a ƙasa don abin ya yi nauyi a hannu. Sunan babban kamfanin da ke gaba kuwa sitika ce, ya sa farce ya ɓanɓare ta.

Shi ya fara buɗe mini ido, sauran kuma na bi na koya, kuma shi ne abin da nake so kowa ya sani kafin ya fitar da ko sisi.

Lumen shi ne ma'aunin hasken da majigi ke fitarwa, amma wanda ake dogara da shi shi ne wanda aka rubuta ANSI lumen. Yadda ake auna shi: a haska farin hoto, a auna haske a wurare 9 a jikin allon, a fitar da matsakaici, a ninka da faɗin filin hoton. Wato hasken da ya isa bango ake ƙirgawa, ba wanda ke cikin fitila ba. Masu jabu kuwa lamba kawai suke bugawa a kwali, 9,000 ko 12,000, babu ANSI a gefenta. Abin ya yi ƙamari har kamfanin Epson mai ƙera majigi ya sha kai wasu masu sayar da majigi a intanet ƙara a kotunan Amurka a kan ƙaryar lumen. Hanya mai sauƙi ta kama su ita ce ka juya bayan na'urar ka karanta wutar da take ci. Majigin ofis mai ƙwan fitila, wanda ke ba da lumen 3,000 na gaskiya, yakan ci wat 250 zuwa 300. Nawa an rubuta wat 60, amma wai ya ninka wancan haske sau huɗu. Majigi mai lumen 12,000 na gaske ƙato ne mai nauyi, na manyan ɗakunan taro, kuɗinsa miliyoyi ne, ba a sayar da shi a lungu.

Dalilin da ya sa ya yi kyau a ƙofar shagon nan kuwa lissafi ne. Duk lokacin da ka ninka nisan majigi daga bango sau biyu, filin hoton yakan ninku sau huɗu, hasken kuma ya rabu a kai, ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. To ka ga wanda ya gwada maka a mita ɗaya cikin duhu, kai kuma ka kai shi mita uku, hasken da ke kan bangonka kashi ɗaya cikin tara ne na abin da ka gani. Ba su zaɓi dare da lungu a banza ba. Katun ma da gangan ne, domin manyan launuka na ɓoye rashin kaifin hoto, ƙananan rubutu ne ke tona asiri.

Sai maganar 4K. Hoton majigi ɗigo-ɗigo ne ƙanana. Cikakken 4K ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, sama da miliyan 8. Wanda ake kira 1080p kuma 1920 ne da 1080, sama da miliyan 2 kaɗan. Gilashin da dattijon nan ya fitar daga nawa 800 ne da 480, wato ɗigo 384,000, bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na 4K ba. Wayon yana cikin kalma ɗaya ta Turanci a jikin kwalin: "support". Ma'anarta yana karɓar bidiyon 4K, amma sai ya matse shi ya koma daidai ƙaramin gilashinsa. Kalmar da za ka nema ita ce "native", ita ce ainihin ɗigon da ke ciki. In ba ka gan ta ba ko a kwali ko a takardar ciki, ajiye musu kayansu.

Yanzu ga saitin da suke fakewa da shi, don kada wani yaro mai tef ya sake ruɗa ku. Ba wani sirri a ciki. Kowane majigi na gaskiya yana zuwa da lissafin nisa a takardarsa: nisan na'ura daga bango a raba da faɗin hoto. Hoto mai inci 100 irin na talabijin ɗin zamani faɗinsa mita 2.2 ne, tsayinsa kamar mita 1.25. Idan lambar lissafin majiginka 1.5 ce, sai ka ajiye shi mita 3.3 daga bango, shi ke nan. Idon majigin ya fuskanci tsakiyar faɗin hoton sak, kada ya karkace dama ko hagu, kuma teburin ya daidaita, ba a ɗaga masa kai da littattafai ba. In ka karkata shi, hoton zai yi faɗi a sama ya tsuke a ƙasa. Akwai maɓallin gyara wannan karkatar, amma a yi amfani da shi kaɗan, don yana rage kaifin hoto. A sa labule mai kauri a tagar da ke jefa haske kan bangon. Farin bango mai sumul wanda fentinsa ba ya ƙyalli ya wadatar a gida; allo na ƙara kyau, amma ba ya ƙirƙiro hasken da na'ura ba ta da shi. Ratayewa a silin kuma don kada yara su riƙa gittawa ko su leƙa idon fitilar ne, ba ta da alaƙa da dusashewa. Idan ka yi duk wannan cikin minti goma hoton bai fito ba, to ba ɗakinka ba ne, na'urar ce.

Mai gidan kallon da na ambata, shi ta wata ƙofar suka shigo masa. Majigin kamfanin gaske suka sayar masa, na hannu, suka buɗe masa shafin da ke nuna awannin da ƙwan ya yi aiki, ya ga awa 40. Bai san ana iya mayar da wannan lissafin sifili da rimot ba. Irin wannan ƙwan yawanci awa 2,000 zuwa 5,000 yake yi, yana dusashewa a hankali, sabo kuma tsada ne da wuyar samu a nan. Sati na biyu, ana tsakiyar wasa ɗaki cike da mutane, abin ya ɗau zafi ya mutu. Da aka buɗe, matatar ƙura ta toshe kamar an cusa auduga. Mu da ke Sakkwato wannan ya fi shafarmu: zafin Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, alhali yawancin waɗannan na'urori 35 zuwa 40 ne iyakar abin da aka gina su su jure, ga kuma ƙurar hunturu. Ko mai kyau ka saya, ka bar masa sarari ta inda iska ke fita, kada ka manna shi da bango ko ka ɗora shi kan katifa, ka riƙa kakkaɓe matatar, kuma mai ƙwai a bar fankarsa ta gama hucewa kafin a zare waya.

Saboda haka duk wanda zai saya, ya ce sai da rana, kuma a shagon da gobe zai dawo ya tarar da mai shi. Ya tafi da kwamfutarsa ko wayarsa da wayar HDMI da ake jona su da majigi, ya ja majigin baya daidai nisan falonsa, ya saka shafi mai ƙananan rubutu ya karanta kusurwa huɗu. Ya saka farin hoto zalla ya duba ko akwai tabon ɗorawa ko ɗige-ɗigen da ba sa motsi. Ya bar shi a kunne rabin awa ya ga ko zai mutu. A rubuta rasit da lambar jikin na'ura, kuma sunan da ke kan asusun da za a tura kuɗi ya zama na mai shagon. Nawa da na duba daga baya, sunan wata mace ce daban. Wanda ya ce yana sauri zai bar gari, ka yi masa fatan sauka lafiya.

Na kai ƙorafi banki da ofishin 'yan sanda, na ba su lambar asusun da hotunan hirarmu, kuma akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da ake iya rubuta wa. Wanda aka yi wa irin wannan kada kunya ta hana shi zuwa, domin ƙorafi da yawa a kan asusu ɗaya ya fi ɗaya nauyi.

Shekaranjiya wani maƙwabcina a Mabera ya nuna mini tallar ta sake fitowa da sabuwar lamba, an rage farashin zuwa 150,000, an ƙara da cewa allo kyauta ne. Bidiyon dai shi ne: falo mai duhu, kujeru masu ruwan toka, kifaye na iyo a bango. Har yanzu guda uku ne suka rage, kuma har yanzu gobe da asuba zai bar gari. Don Allah ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu gidajen kallo da malaman Islamiyya, don su ne na ji yanzu yake bi.