Yardenit ko Kasrul Yahud: inda ya kamata ku je a Kogin Urdun

Mama, tunda jagoran tafiyarku ya ce sau ɗaya za ku tsaya a Kogin Urdun, kuma sai kun zaɓa tsakanin Yardenit da Kasrul Yahud, shawarata ita ce ku tafi Kasrul Yahud. Na taka wuraren biyu da ƙafata.

Kasrul Yahud yana gabas da Yariko, a yankin da Kiristoci tun ƙarnonin farko suka riƙe cewa nan ne Yahaya ya yi wa Ubangijinmu baftisma. Bisharar Yahaya 1:28 ta ce abin ya faru ne a Betanya, a hayin Urdun, kuma idan kika sauka kan matakalar da ke gangarawa cikin ruwan, hayin yana nan gabanki, har kina jin waƙar masu ibada na ɓangaren ƙasar Jodan. Wancan gefen shi ne Al-Magtas, inda Fafaroma John Paul na biyu ya je a 2000, Fafaroma Benedict a 2009, sannan Fafaroma Francis a 2014. Gefen da za ku tsaya kuwa an rufe shi bayan yaƙin 1967, aka binne nakiyoyi a kewayensa, sai a 2011 aka sake buɗe shi ga kowa.

Ba zan ɓoye miki ba, da na fara ganin ruwan sai jikina ya yi sanyi, domin ɗan siriri ne, kuma ja ne kamar rafin garinmu da damina. Amma da Fada ya karanta Markus 1:9-11, ya tambaye mu ko mun ƙi Shaiɗan da dukan ayyukansa, muka amsa da murya ɗaya, ya tsoma hannu a kogin yana yayyafa mana, sai na ga wani dattijon katekis da muka taho tare, wanda ya shafe shekaru yana koya wa yara darasin baftisma a ƙauye, ya durƙusa hawaye na zuba a kan babbar rigarsa. Har muka koma mota bai iya cewa uffan ba. Ku je da sassafe, kowa da hula da ruwan sha, saboda wurin yana ƙasa da matakin teku sosai kuma zafinsa ba ya ɗaga wa tsoho ƙafa.

Yardenit yana can kudancin Tekun Galili, kusan kilomita 100 daga Kasrul Yahud, kuma an buɗe shi a 1981 ne domin maziyarta su sami inda za su shiga ruwa lokacin da wancan yake rufe. Yana da tsabta da inuwa da ƙarafunan riƙewa, don haka mai ciwon gwiwa zai ji daɗinsa. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Ki tuna wa 'yan ƙungiyarku cewa mu Katolika ba a sake mana baftisma, alkawaranmu kawai muke sabuntawa, saboda haka ba dole ba ne ki sayi farar rigar nan da ake sawa don shiga ruwa. Ni na saya a zuwana na farko don na ga kowa yana saye, ga ta nan a ƙasan akwati har yau.

Ga wani abu da ba ki tambaya ba. Za ki gamu da masu talla riƙe da kwalabe suna rantsuwa cewa ruwan Urdun ne kuma an riga an sa masa albarka. Kada ki ba su ko sisi, domin albarka ba abin sayarwa ba ce. Ki tafi da 'yar gorarki ki ɗeba da hannunki, Fada ya sa albarka, ki sa ta a babban akwati tunda ba a shiga jirgi da ruwa mai yawa a jakar hannu, kuma kada kowa ya sha. Haka nan carbin da ake cewa na itacen zaitun ne: wanda na saya a bakin titi fenti aka shafa masa, kafin wata uku ya koɗe. Ki bari sai Baitalami, ki saya a wurin iyalan Kiristocin da suke sassaƙa shi, za ki ga zanen jikin itacen kuma ki ji nauyinsa a hannu.

Kafin ku biya kuɗi, ki sa wakilin tafiyar ya rubuta sunan Kasrul Yahud ƙarara a takardar tsarin ziyara, domin idan "Kogin Urdun" kawai aka rubuta, ana iya sauke ku a Yardenit a ce an cika alkawari.