Ɗanye, busasshe ko gari: wane kayan shayin gargajiya ya kamata ka saya?

Kafin ka sayi kayan shayi, fara sanin ko kana da firij mai samun wuta, da kuma sau nawa ake dafawa a gidanka. Wannan ne zai nuna maka abin da ya dace da kai.

Ɗanyen na'a-na'a ya fi ƙamshi, amma kwana biyu ko uku ya yi yaushi. Ɗanyar citta tana kai mako biyu a inuwa mai iska. Wanda ba kullum yake sha ba, busasshe ya fi masa. Ganyen zogale ko na'a-na'a da aka shanya a inuwa yana riƙe ƙarfinsa wata 6 zuwa shekara a cikin kwalba mai murfi. In ka ga ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, a rana aka shanya shi ko ya tsufa. Murza shi a tafin hannu, in babu ƙamshi ka bar shi.

Gari shi ne zaɓi mafi rauni. Garin citta da na kirfa suna salancewa cikin 'yan watanni, kuma ba ka ganin abin da aka haɗa a ciki. Sayi busasshiyar citta tsagagga, irin ta Kachia a kudancin Kaduna, ka daka wadda za ta ishe ka mako guda kawai. Kanumfari mai kyau yana da kansa, in ka danna da farce zai fitar da maiƙo. In ya kwanta a saman ruwa ya yi ta yawo, man ya tafi.

Zobo kuwa, nemi mai duhun ja, wanda yake ƙaras-ƙaras a hannu. Mai laushi ya sha danshi, hunhuna na nan tafe, musamman da damina. Sabo yana shigowa kasuwanni irin su Dawanau da Maigatari bayan kaka, lokacin ne ya fi dacewa a saya. Na awo yakan zo da yashi, sai an ɗauraye shi da ruwan sanyi.

Dahuwar ma ta bambanta. Citta, kanumfari da kirfa suna son tafasa a ƙaramar wuta minti 10 zuwa 15. Ganye ba ya so: zuba masa tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali ɗaya ga kofi, ka rufe minti 5. Rufewar nan tana da muhimmanci, don ƙamshin na'a-na'a tururi yake bi. In ɗanye ne, ninka awon sau uku. Zobo, gwangwanin madara biyu ya ishi lita biyu, kuma gara tukunyar da ba ta alminiyom ba, saboda tsaminsa yana cin ta.

Bayan an dafa, lokacin ajiya ya ragu ƙwarai. A waje, musamman da bazara, a shanye a yinin. A firij, kwana 3 zuwa 4, in an tace ganyen kuma wuta ba ta ɗauke ba. Sukari, abarba da kokwamba suna saurin tsamar da zobo, don haka a ajiye shi tsurarsa, a zuba su lokacin sha. Kumfa, yauƙi, warin tsami ko gora da ta kumbura, duk alamar a zubar ne.

Masu juna biyu da masu shan maganin hawan jini su tambayi likita kafin su mai da zobo abin shan kullum, don yana iya sauke hawan jini.