Sharhi kan rangadin Aleziya tare da ɗan jagora

Wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido da ke birnin Dijon a Faransa yana kai baƙi Aleziya, inda janar ɗin Rumawa Yuliyas Kaisar ya yi wa mayaƙan Gol (tsohon sunan yankin Faransa) da shugabansu Bersinjetoriks ƙawanya a shekara ta 52 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Na bi rangadin nasu, kuma ina ganin duk mai son tarihi bai kamata ya wuce shi ba.

Mun fara da gidan tarihi mai siffar zobe da aka buɗe a 2012, daga nan muka fita wajen ganuwar Rumawa da aka sake ginawa. Kaisar ya kewaye tudun da garin yake kai da ganuwa biyu: ta ciki mai tsawon kusan kilomita 16 don tsare waɗanda ke gari, ta waje kusan 21 don tare masu kawo musu ɗauki. Ɗan jagoran ya tsayar da mu a bakin gwalalo, ya nuna mana ramukan da aka kafa wa itace mai tsini a ciki, waɗanda a wancan zamani ake rufewa da ƙirare domin mayaƙi ya faɗa bai ankara ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya ƙi karɓar maganar Rumawa ido rufe. Ya tuna mana cewa mafi yawan abin da aka sani game da yaƙin daga alƙalamin Kaisar ya fito, kuma Rumawa sun daɗe da ƙullatar Keltawa, al'ummar da mutanen Gol suka fito daga cikinta, tun da suka wawashe birnin Rum wajen shekara ta 390 kafin haihuwar Annabi Isa, saboda haka kiran su marasa wayewa ya yi wa mai mamaya daɗi. Alhali kuwa mutanen Gol suna da garuruwa masu ganuwa, suna buga kuɗin zinariya, maƙeransu kuma sun shahara da ƙera sulke. Kaisar da bakinsa ya ce a Abarikum, wato Bourges ta yau, cikin mutum 40,000 da ƙyar 800 suka tsira daga hannun sojojinsa.

Labarin Mandubawa, masu garin Aleziya na asali, shi ne ya fi sosa mini rai. Da abinci ya yi ƙaranci, mayaƙan Gol suka fitar da mata da yara da tsofaffi, Kaisar kuma ya hana a buɗe musu hanya ko a ba su abinci, duk da roƙon da suka yi a karɓe su bayi, har yunwa ta ƙarasa su a tsakanin ɓangarorin biyu. Ɗan jagoran bai wanke kowa a nan ba, kuma na yaba masa.

Ƙorafina ga kamfanin shi ne gaggawa. Sun ba mu ɗan lokaci kaɗan a kan tudu, inda mutum-mutumin Bersinjetoriks da sarkin Faransa Napoliyon na Uku ya sa aka kafa a 1865 yake, har sai a cikin mota aka faɗa mana cewa bayan Bersinjetoriks ya miƙa wuya an tsare shi shekara shida a Rum kafin a kashe shi a shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa. Wanda zai je ya nemi rangadin yini guda, ya kuma tabbatar da harshen da ɗan jagoran zai yi bayani da shi kafin ya biya.